Haƙƙin Masu Baiwa a Kan Al'umma



Duk malamin da ya daɗe yana karantarwa, ko a tsangaya ko a makarantar boko, ya san almajirin nan wanda Allah Ya hore wa kaifin basira, wanda kan haddace darasi tun sa'o'insa ba su gama biyawa ba, wanda kuma, idan aka tilasta masa jiran na baya kullum, sai gundura ta kama shi, har a riƙa kiransa mai taurin kai alhali ƙishirwar ilmi ce ke damunsa.

Haƙiƙa hukuma ta yi wani yunƙuri, domin a zamanin Janar Babangida aka buɗe makarantar haziƙai ta tarayya a Suleja, daga baya kuma Jihar Jigawa ta kafa tata a Bamaina. Amma makarantu ƙalilan ba za su wadatar da ɗimbin 'ya'yan talakawa da ke ƙauyuka ba, balle manyan da baiwarsu ta tsufa ba a gano ta ba.

Saboda haka wajibi ne a koya wa malamai gane alamomin hazaƙa, a ba irin wannan yaro littattafai da darussa daidai fahimtarsa, mawadata kuma su ɗauki nauyin karatunsa, domin baiwa amana ce, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe ta.