ZIYARAR GEMBU: ABIN DA YA KAMATA BAƘO YA YI A KAN TSAUNIN MAMBILA



An nemi in yi bayani a kan ziyarar garuruwan kan dutse waɗanda ke nesa da manyan birane, inda ƙananan kabilu suke zaune. Na zaɓi Gembu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba, saboda da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a ɗakin nan, ko ba daɗe ko ba jima, takardar bautar ƙasa ko ta canjin wurin aiki za ta jefa su irin wannan wuri. Abin da aka saba gani kuwa shi ne, da zarar takardar ta iso, sai mutum ya shiga zarya ofis-ofis yana neman wanda zai soke masa ita, kamar an yanke masa hukuncin ɗauri. Wanda bai sami mai tsaya masa ba sai ya tafi yana ƙunci, ya shekara biyu bai san sunan ƙauyen da ke bayan gidansa ba. To, hasara ce babba, ga shi kansa da kuma ƙasar da ta ɗauki nauyin karatunsa.

Mu fara da hanya. Daga Jalingo mutum zai bi ta Bali ya wuce Serti, har ya isa Mayo Selbe, wadda take gindin dutsen. Daga nan ne mota za ta fara hawa, tana kwana bayan kwana, ga dutse a gefe guda, ga kwazazzabo mai zurfi a ɗaya gefen, har a ɓulla Maisamari, a wuce Nguroje, sannan a sauka Gembu. Tafiyar yini ce, saboda haka a yi sammako. Kada a yarda a hau dutsen nan da dare ko cikin hazo mai kauri, kuma mai motar kansa ya sa makaniki ya duba masa birki tun a Jalingo. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin damina a can doguwa ce, kuma idan ruwa ya kankama hanyoyin ƙauyuka sai babur ko ƙafa.

A yi guzurin rigar sanyi da bargo. Tudun Mambila ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, watau ya ɗara Jos, ya kuma ninka Kano fiye da sau uku. Masana yanayi sun ce duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da kusan digiri 6, shi ya sa wanda ya baro Serti yana gumi zai isa Nguroje yana neman wuta. Wannan sanyin shi ya tsara rayuwar wurin baki ɗaya. Ƙudan tsando ba ya jure shi, don haka shanu suka tsira daga sammore suka yaɗu. Shi ne kuma ya sa ganyen shayi da gahawa da dankalin turawa da fiya suke yin kyau a can, alhali a ƙasarmu ta Hausa yawancinsu ba sa ko tsayawa.

Abu na farko da baƙo zai yi idan ya sauka shi ne gaisuwa. Kafin ya ɗauko kyamara ya nufi kan tudu, ya nemi mai unguwa ko dagacin wurin, ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi. Zai tarar ana jin Hausa a kasuwa da tasha, amma harshen da ya daɗe yana haɗa kabilun tsaunin shi ne Fillanci, kuma sunayen garuruwa ma sun nuna haka, domin “mayo” da ke cikin Mayo Selbe da Mayo Ndaga kogi ke nan da Fillanci. Wanda ya iya cewa “jam na?” ya kuma iya “useko” idan an yi masa alheri, ya sami mabuɗin ƙofofi da yawa. In ya ƙara da gaisuwa ɗaya tak cikin harshen Mambila, wadda yaron makwabta zai koya masa cikin minti biyar, to ya wuce baƙo ya zama ɗan gida.

A nan ina so in ja hankalinmu, mu masu magana da Hausa. Harshenmu ya yi mana gata, duk inda muka shiga a Arewa muna samun mai amsa mana, har wannan gata ya sa wasunmu suna ganin duk wanda ba Bahaushe ba ne shi ya kamata ya sauko ya same mu. Akwai kalmomin raini da bakinmu ya saba furtawa a kan mutanen kan dutse, waɗanda mu muke ɗauka wasa ne, su kuwa suna jin su har cikin ƙashi, saboda kakanninsu sun sha harin masu neman bayi daga wajen Banyo a ƙarshen ƙarni na 19. A bar irin waɗannan kalmomi a gindin dutse. A kira kowa da sunan da yake kiran kansa: ga Mambila, ga Kaka, ga Panso, ga Kambu, ga Fulani, kowace al'umma da harshenta da tarihinta.

Abu na biyu, a nemi tarihin wurin daga bakin dattawansa. Ƙasar nan ba ta cikin Nijeriya ranar 1 ga Oktoba 1960. Da can tana ƙarƙashin Jamus ne a matsayin wani yanki na Kamaru. Da aka ci Jamusawa a 1916 sai ta koma hannun Ingila, daga baya ta zama ƙasar riƙon amana ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, arewacin yankin ya zaɓi Nijeriya, kudancinsa ya zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 arewacin ya shigo, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna don girmama Sir Ahmadu Bello. Daga nan ya shiga Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, sannan Taraba a 1991. Ku duba fa, mu haihuwarmu aka yi muka tsinci kanmu 'yan Nijeriya, su kuwa iyayensu layi suka bi suka jefa ƙuri'a suka zaɓe ta. Duk ma'aikacin da ya riƙe wannan a ransa ba zai yi wa ɗan Gembu kallon bare ba.

Ɗaliban harsuna kuma suna da babban rabo a can. Joseph Greenberg, Ba'amurken nan da ya fara bincikensa a kan Maguzawan ƙasar Kano, shi ne ya kawo hujjar cewa harsunan Bantu, irin su Suwahili da Zulu da Lingala, asalinsu daga yankin iyakar Nijeriya da Kamaru suka bazu. Harshen Mambila ɗan'uwan waɗannan harsuna ne, kuma yana da karuruwa da yawa, har ƙauye da ƙauye sukan bambanta. Ɗalibin da ya tafi da littafin rubutu da na'urar ɗaukar magana, ya nemi izini, ya tattara kalmomi da tatsuniyoyi na ƙauye ɗaya kawai, ya yi aikin da za a daɗe ana amfana da shi.

Abu na uku, a je Kakara a ga gonar shayi, wadda aka kafa tun cikin shekarun 1970, inda ake yin shayin nan mai suna Highland Tea. A tafi da sassafe lokacin da masu tsinka suke cikin gona da kwanduna a baya, suna cire toho da ganye biyu na sama. In an sami izinin shiga masana'antar, za a ga yadda ake shanya ganyen ya yi laushi, a yayyanka shi, a bar iska ta juya launinsa daga kore zuwa ja mai duhu, sannan a busar da shi da zafi. Mu da ba ma karya kumallo sai da shayi, ya kamata mu san wahalar da ke bayan kofi ɗaya. A kusa da nan, a Kusuku, akwai reshen cibiyar binciken koko ta ƙasa, inda ake nazarin shayi da gahawa, kuma ɗaliban aikin gona za su ƙaru ƙwarai da ziyararsa.

Abu na huɗu shi ne daji. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai kurmin Ngel Nyaki, ɗaya daga cikin 'yan ragowar kurmin kan dutse da suka saura a ƙasar nan, inda har yanzu ake samun birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi. Akwai tashar bincike a bakin kurmin, wadda Dokta Hazel Chapman ta Jami'ar Kantabari a ƙasar Niyuzilan ta jagoranci kafawa, kuma ɗaliban Nijeriya da dama sun yi bincikensu na digiri a wurin. Abokan gaban kurmin su ne wutar daji da shigar shanu da sarar itace. Mai ƙarfin ƙafa kuma ya tsaya a Serti, a ofishin Gandun Dajin Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991, mafi girma a Nijeriya, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa akwai ɓauna da dorina da damisa, kuma a cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda babu wurin da ya kai shi bisa a duk faɗin ƙasar nan. Hawansa tafiyar kwanaki ce a ƙafa, ba a yin ta sai da izinin hukumar gandun da ɗan jagora. A kuma tambayi halin tsaro kafin a tashi, a nisanci ƙetare iyaka ta ɓarauniyar hanya, domin rikicin da ya ɓarke a yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru tun 2016 ya koro 'yan gudun hijira har cikin wannan ƙaramar hukuma.

Abu na biyar, a ci kasuwa. A tambayi ranar kasuwar Nguroje ko ta Mayo Ndaga, a je a ga shanu da dawaki, a sayi zuma da man shanu da ayaba da fiya daga hannun waɗanda suka kawo su. A yi ciniki kamar yadda aka saba, amma mai albashi ya ji kunyar matse tsohuwar da ta ɗauko kaya a ka tun asuba ta hawo tudu uku. Kada a ɗauki hoton kowa sai an tambaye shi. Haka kuma, Mambila sun shahara da sassaƙar gumaka da fuskokin rawa na itace, waɗanda da yawansu yanzu suna gidajen tarihi na Turai da Amurka. Idan wani ya raɗa maka cewa yana da tsohon kayan kakanni na sayarwa, ka ba shi haƙuri. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su ba tare da izini ba, kuma ko ba doka, abin da ya bar ƙauyensu ba ya komawa. Sabon aikin masassaƙi kuwa, saya ka biya shi da kyau.

Abu na shida ya fi sauran nauyi, shi ne kame baki. Baƙo zai ga korayen tuddai ɗaure da waya, shanu na kiwo a ciki, ya ga gonakin masara a matse cikin kwari. Wannan shi ne tushen rigimar ƙasa tsakanin manoma da makiyaya, wadda ta jawo zubar da jini a 2002 da kuma 2017. Kowane ɓangare yana da gawarsa da yake kuka a kai, kowane kuma yana da labarinsa. Baƙon kwana uku ba shi da hurumin yanke hukunci a teburin mai shayi. Ya saurara, ya yi ta'aziyya inda ta kama, ya riƙe harshensa. Amma ku da za ku zauna a ofishin filaye ko kotu ko asibitin dabbobi, ku sani sa hannu ɗaya da aka yi a kan takardar mallakar fili ba tare da an taka an ga wurin ba yana iya zama sanadin rayuka bayan shekara goma, lokacin da mai sa hannun ya daɗe da samun ƙarin girma ya koma birni.

Za ku kuma ji ana maganar madatsar ruwan lantarki ta Mambila, wadda ake ta zancenta tun shekarun 1970. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta amince da kwangilar gina ta don samar da megawat 3,050, amma shekaru sun shuɗe ba a kunna ƙwan lantarki ko ɗaya da wutarta ba. Idan kuka ga mutanen wurin suna yi wa alkawarin hukuma murmushi kawai, kada ku ce taurin kai ne. Sun ji alkawari da yawa, kuma da aikinku ne kaɗai za ku sa su sake yarda.

Saboda haka ina ba ƙungiyar ɗalibai shawara ta shirya ziyara zuwa can a hutun ƙarshen shekara, ta haɗa ɗaliban tarihi da na harsuna da na aikin gona da na likitan dabbobi a mota ɗaya, ta kuma sa 'yan asalin yankin da ke karatu tare da mu su zama jagorori, domin ɗan gari shi ya san inda rana ke faɗuwa a garinsu. Kowa ya dawo ya rubuta abin da ya gani a wannan mujalla, a kuma aika wa makarantun da aka ziyarta da kofe, don su ga abin da aka faɗa a kansu. Wanda kuma takardarsa ta fito da sunan Gembu a jiki, ya sayi bargo ya kama hanya.

 Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.