Rabi da Rubu'i a Ƙasan Allon Kwamfuta



A zirin da ke ƙasan allon kwamfuta akwai ƙananan alamomi: ta batir, ta sauti, ta intanet. Kowacce hoto ce mai kusurwa huɗu, amma ba ma ganin kusurwoyin. Me ya ɓoye su?

Kowane ɗigo na hoton yana ɗauke da lambobi huɗu: ja, kore, shuɗi, sai ta huɗu da ake kira alfa, daga 0 zuwa 255. Sifili na nufin ɗigon shara-shara ne, launin zirin ya bayyana ta cikinsa. 255 kuwa ya rufe shi ruf. Idan alfa ta tsaya a rubu'i, manhaja za ta ɗebi rubu'in launin alamar, ta gauraya da rubu'i uku na launin zirin. Thomas Porter da Tom Duff suka shimfiɗa wannan lissafi a 1984. A hoton GIF, ɗigo ko dai ya ɓace ko ya tsaya, shi ya sa gefensa ke fitowa kamar haƙoran zarto. PNG, da ya zo a 1996, matakai 256 gare shi. Mai tsara manhajar da ya yi sakaci da alfa, alamarsa cikin baƙin akwati take fitowa.

Ɗalibanmu sun sha tambayarmu amfanin rabi da rubu'i, alhali amsar tana gabansu a ɗakin kwamfuta. Muna roƙon reshe ya nema wa malaman lissafi da na kwamfuta darasi guda na haɗin gwiwa a wannan zangon.