MAIGADI DA MAKULLI: JAWABIN DA AKA GABATAR A TARON ƘUNGIYA NA ƘARSHEN WATA



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu dattawan Sabo, 'yan'uwana 'yan kasuwa, da 'ya'yanmu samari, ina yi muku barka da zuwa.

Da sakatare ya ce in tashi in yi magana a kan kwamfuta, na san wasu za su yi dariya, don kowa ya san ni ɗan goro ne, karatuna kuma na Islamiyya ne. To amma wanda maciji ya sara ya san inda ciyawa ta yi duhu. Abin da zan faɗa muku na biya kuɗinsa da tsada.

A shekarar 2021 na sayi laftof na hannu, don yarona ya riƙa shigar mini da lissafi. Kun san yadda sana'armu take. Baƙo ya zo daga Kano ko Sakkwato ya sauka wurinka, ya bar maka kuɗinsa, ka ba wani kaya bashi, wani ya biya rabi ya ce sai ya dawo. Duk muka kwashe daga littafi muka zuba a ciki. Sai wani yaro mai gyara ya ce ya kamata a sa mata antibairos, wato manhajar da ke kama cutar kwamfuta. Ya ce ta gaskiyar tana da tsada, amma yana da wadda aka fasa, zai sa mini a kan kuɗi kaɗan. Na ce to.

Ba a yi mako biyu ba, wata safiya muka kunna, ko takarda ɗaya ta ƙi buɗewa. Sai wani rubutu da Turanci, wai an kulle komai, mu biya dala 980, in mun yi sauri cikin kwana uku mu biya 490. Ashe ɓarawon a cikin maigadin ya shigo. Ban biya ba, don masana sun ce ko ka biya babu tabbacin za a buɗe maka. Wata biyu na yi ina bin mutane ina tambayar nawa ne tsakaninmu. Masu tsoron Allah suka faɗi gaskiya. Wasu kuwa har yau sai dai mu gaisa. Kuɗin wani baƙona daga aljihuna na cika, don amana ce, ba zan ce masa kwamfuta ta ci ba.

Saboda haka maganata ta farko ita ce ta maigadi.

In kwamfutarka tana da Windows 10 ko Windows 11, to da maigadinta ta zo, sunansa Microsoft Defender, kuma ba a biyan ko kwabo. Ga mai lissafin shago da yara 'yan makaranta, ya isa, muddin yana kunne kuma ana barinsa ya sabunta kansa. Wanda yake son ƙari, akwai irin su Bitdefender da Norton da ESET, amma a saya daga kamfanin ko wakilinsa na gaskiya. Akwai ma masu gwada su su fitar da sakamako, kamar AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya, sai ka sa yaronka ya duba maka kafin ka fitar da kuɗi. Kada a haɗa guda biyu a kwamfuta ɗaya, faɗa za su yi ta yi da juna, ita kuma ta yi nauyi. Ita kuwa wadda aka fasa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Araha ba ta ado.

Sannan maganar sabuntawa. Na san mu da rowar data, da zarar ta nuna tana son afdet sai mu ce a kashe. To a watan Mayu na 2017 an yi wata cuta mai suna WannaCry, ta shiga ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya. Alhali tun watan Maris na shekarar kamfanin Microsoft ya fitar da abin toshe ƙofar da ta bi. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Masu Windows 7 su sani tun Janairun 2020 aka daina yi mata wannan gyara, ita ma Windows 10 an rufe tallafinta na yau da kullum a watan Oktoba na 2025. Mai shirin sayen ta hannu ya tambayi mai sayarwa ko za ta ɗauki Windows 11.

Magana ta biyu ita ce ta makulli, wato waifai na gida.

Yanzu gidaje da yawa a nan unguwar akwai ɗan akwatin nan da ake kira rauta, ko ƙaramin na aljihu. Gidajenmu kuwa kun san su, ɗaki na jikin ɗaki, ga 'yan haya, ga baƙi. Shi waifai bango ba ya tare shi, yana kaiwa har bakin titi. Mu muna ganin ɓarnar ita ce a shanye mana data. Wannan ƙarama ce. Wanda ya shiga waifanka ya shigo tsakar gidanka ne, yana iya laluben kwamfutarka, in kuma ya yi damfara da layin, sunanka ne a rajista, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, rauta makulli biyu gare ta. Akwai kalmar sirrin da ake shiga waifai da ita, akwai kuma ta maigida, wadda ake canza tsarin akwatin da ita. Wannan ta biyun a yawancinsu daga kamfani take zuwa, sau da yawa ma kalmar admin ce kawai, kowane yaro ya san ta. Kamar ka sayi kwado ne wanda duk kasuwa ke da makullinsa. Ka juya bayan akwatin, za ka ga lambar shiga, irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. A buga ta a waya, a shiga, a canza duka biyun yau ɗin nan.

Kalmar kuma kada ta zama lambar wayarka, ko sunan ɗanka, ko 12345678. A yi ta da tsawo, harafi goma sha biyu zuwa sama. Ka haɗa kalmomi huɗu na Hausa da ba su da dangantaka da juna, ka sa lamba a tsakani. Kai ba za ka manta ba, shi kuwa ɓarawo zai sha wuya.

A wurin tsaro za ku ga an jera WEP da WPA2 da WPA3. WEP tsohon kwado ne, an daɗe da gano yadda ake ɓalle shi cikin 'yan mintoci. A zaɓi WPA3, wanda ya fito a 2018, in akwatin ba shi da shi a zaɓi WPA2. Akwai wani abu kuma WPS, a kashe shi, don lambarsa mai saukin ganowa ce. Ita ma rautar tana son sabuntawa kamar kwamfuta.

To baƙi fa? Mu ba ma hana baƙo ruwa, ba za mu hana shi waifai ba. Amma ai baƙo a zaure ake saukar da shi, ba a kai shi ɗakin uwargida. Yawancin rautoci suna da layin baƙi daban, a buɗe shi da kalmarsa, ya sha intanet ba tare da ya kai ga kayanka ba. In ɗan haya ya tashi, a canza kalmar.

Na ƙarshe, kuma shi ne da na sani da ban yi asara ba: a riƙa kwafe lissafi a filasha duk Juma'a, a zare ta a sa a akwati, don in tana jiki ita ma za a kulle ta. Littafin takarda kuma kada a yar da shi. Sannan babu antibairos ɗin da zai cece ka in kai da bakinka ka karanta wa wani lambar da banki ya turo maka, ko lambar sirrin katinka. Banki ba ya kira ya tambaye su. Iyayenmu mata, a kula da wannan.

Ina roƙon shugaba da a zaɓi samarinmu biyu ko uku masu amana da suka san aikin, su bi gida-gida ranar Asabar su taimaka. Amma in an zo wurin kalmar, maigida ya karɓi wayar ya rubuta da hannunsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure a yafe mini. Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.