HATTARA DA MASU CIN KASUWA A GIDAN MAKOKI

(Jawabin da aka yi wa jama'a a Wudil)

Maganar da na kawo muku yau ba mai daɗin ji ba ce, amma ba gidan da za ta tsallake. Watau maganar kuɗin da ke salwanta in an yi rasuwa.

Ku sani biso a Musulunci ba shi da tsada. Wanka, likkafani, salla, kabari, shi ke nan. Mus'abu ɗan Umairu da ya yi shahada a Uhudu, mayafi guda aka samu, bai ma rufe shi duka ba, aka sa ciyawa a ƙafafunsa. To, ina talaka ya samo wannan ɗawainiya da ke karya shi? Ta ƙofa uku take shigowa.

Ta farko likkafani. Wani mai alawayyo in ya ga ido ya yi ja, ya san ba za a tsaya ciniki ba, sai ya ninka kuɗi. Kada wanda aka yi wa rashi ya tafi kasuwa da kansa, a aiki maƙwabci wanda ya san kuɗin yadi. In ma da hali, kowace unguwa ta haɗa kuɗi ta sayi bandir ta ajiye wurin liman. Masu haƙan kabari kuwa, a yanke ladansu tun ba su sa diga ba.

Ta biyu sadakar uku, da bakwai, da arba'in. Ku je kara ran Juma'a ku gani: da wani dillalin ya ji an ce na sadaka ne, sai ya ɗora la'ada bisa la'ada. Alhali sa'ad da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a dafa wa iyalinsa abinci. Mu kuwa mun juya abin, mai kuka shi ke ciyad da gari! In daga gado aka ɗebi kuɗin shinkafar nan, lalle rabon marayu muka ci.

Ta uku ita ce mafi muni, bashin ƙarya. A wurin jana'iza akan yi shela, duk mai bin mamaci ya zo. Wannan daidai ne, domin sai an biya bashi kana a raba gado. Amma fa wanda ya mutu ba ya musu. A mazhabar Maliku, mai da'awar bashi a kan mamaci sai ya kawo shaida, sa'an nan ya rantse ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba. Kada kunya ta sa ku biya kowa a zaure da daddare. Haka nan wanda ya bugo waya ya ce a turo gudummawar makoki, kada ku tura ko kwabo sai kun ji daga bakin magada.

Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa ƙwace dukiyar mamaci cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Kada mu talakawa mu riƙa yi wa junanmu abin da ya tsawata wa sarakuna a kai.

Saboda haka ran da aka yi rashi, a zaɓi amintacce guda ya riƙe kuɗi, ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya karanta gaban magada. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani.