Jawabin Cikar Shekarar Ƙungiya: Labarin Marion Bartoli da Jarin da Ba Ma Lissafawa

Ma'aji ta karanta mana lissafin shekara, kowa ta ji abin da ya shigo da abin da ya fita. Mu kuma za mu ɗan ɗauke ku zuwa Faransa, ku yi haƙuri, ba za mu daɗe a can ba.

Akwai wasan da ake ce wa tanis. Mutum biyu ne, raga a tsakaninsu, kowa da abin bugu kamar matankaɗi mai mariƙi, ana tura wa juna 'yar ƙwallo. Ko a nan Kano ana yin gasar Dala Hard Court, maza da mata. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, 'yar tanis ba ta da albashi. Kuɗin jirgi, masauki, mai koyarwa, duk daga aljihunta. In ta ci wasa ta samu, in an fitar da ita da wuri ta dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wato dai 'yar kasuwa ce kamar mu.

An haifi Marion Bartoli a 1984 a garin Le Puy-en-Velay. Mahaifinta, Walter, likita ne, amma ya ajiye aikin asibiti ya zama mai koyar da ita, yana bin ta ƙasa-ƙasa. Ku duba fa, likita guda! Ya koya mata riƙe abin bugu da hannu biyu ta dama da ta hagu, abin da 'yan wasa kaɗan ne ke yi, mutane suna ta yi musu kallon masu abin mamaki. Har hukumar tanis ta ƙasarsu sun sha saɓani da ita a kan zaman mahaifin nata mai koyarwa, saɓanin da ya hana ta zuwa wasannin Olamfik na Landan a 2012.

Manyan gasannin tanis huɗu ne a shekara: a Ostireliya, Faransa, Ingila da Amurka. A 2007 ta kai wasan ƙarshe a ta Ingila, wato Wimbledon, Venus Williams ta doke ta. A shekarar ce ma aka fara biyan mata daidai da maza a wannan gasa. Daga nan sai shiru. Shekara shida tana shiga tana fita. Sai ranar 6 ga Yuli, 2013, a karo na 47 da ta shiga babbar gasa, ta doke Sabine Lisicki ta Jamus ta ɗauki kofin, da kyautar fam miliyan 1.6. Ta hau cikin 'yan kallo ta rungume mahaifinta.

To, ga inda muke so ku saurara da kyau. Ranar 14 ga Agusta, kwana arba'in ba ɗaya, ko mai jego ba ta gama wanka ba, aka doke ta a Cincinnati ta Amurka, ta zauna gaban 'yan jarida tana hawaye ta ce ta daina. Shekararta 28. Ta lissafa agararta, kafaɗa, ƙugu da gadon baya, duk ciwo suke yi. Lokacin da kasuwa ta buɗe mata, sunanta ya kai ko'ina, a lokacin ne jikin ya ce a'a.

Wasu sun ce ta yi gaggawa. Mu a ganinmu ba ta yi ba, ita ta san abin da take ji idan gari ya waye. Abin da ke damunmu shi ne, irin wannan yana faruwa a cikinmu, kuma babu ɗan jarida da ke zuwa. Hajiya, Inna, ku faɗi gaskiya: mu nawa ne a nan muke kwana da ciwon baya bayan matsar man gyaɗa? Mu nawa hayaƙin suyar ƙuli-ƙuli ya ɓata wa ido? Mu nawa muka koma kan turmi kafin jiki ya yi ƙwari bayan haihuwa, don kar zubin adashi ya wuce mu? Littafin ma'aji yana da shafin buhun gyaɗar da aka sayo a Dawanau, da na itace, da na kuɗin mota. Babu shafin kafaɗa da ƙugu. Ita Bartoli ta tsaya da miliyoyi a hannu. Tamu 'yar'uwar idan ta kwanta, jarin ne ake fara ci, sannan akuya, sannan a cire yarinya daga makaranta ta ɗauki tallan.

Saboda haka kwamiti ya kawo shawara biyu. Ta farko, a ware wani kaso daga ribar bana a buɗe asusun jinya, wanda mamba za ta karɓa ba ruwa, kuma a ɗage mata zubi har ta miƙe. Ta biyu, a fara tara kuɗin injin matsar gyaɗa na ƙungiya. Mun sani rabon kowa zai ragu bana, kuma akwai masu aurar da 'ya'ya bayan kaka da suka riga suka sa rai. Shi ya sa ba mu yanke ba. Ku je ku yi shawara da masu gida, a zama mai zuwa za a ɗaga hannu. Wadda ba za ta samu zuwa ba ta aiko da ra'ayinta ta hannun shugabar unguwarsu.