MATAN SARAKUNAN KANO A TARIHI: AMSA GA MASU SAURARO



Laccar da na gabatar a wannan zaure kwanakin baya a kan matan sarakunan Kano, wadda kuma aka watsa ta gidan rediyo, ta jawo wasiƙu da tambayoyi masu yawa. Wasu sun yaba, wasu sun yi gyara, wasu kuwa sun ja da ni ƙwarai, amma cikin ladabi da son gano gaskiya. Ina yi wa kowa godiya, domin Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Na duba wasiƙun, na ga sun taru a kan batutuwa huɗu, su ne zan ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Maganar da zan kare a cikinsu duka guda ce, wato matsayin da mace ta shiga gidan sarki da shi, ko matar aure ko saɗaka, bai isa ya nuna mana iyakar ƙarfinta ba. Ƙarfin nan yakan zo ne ta hanyar haihuwa, ko ta aikin da aka danƙa mata, ko ta asali da ilimi.

Batu na farko: Shin matar sarki sarauniya ce?

Wani ma'aikaci ya rubuto yana cewa na rage wa matan nan daraja da na ƙi kiransu sarauniyoyi, alhali kuwa muna jin ana kiran matar Sarkin Ingila sarauniya. Gaskiya ne, a Ingila matar sarki takan ɗauki wannan laƙabi saboda aure kurum, kamar yadda aka yi wa Camilla sa'ad da Charles na Uku ya hau gado a 2022. Amma wannan al'adarsu ce. A ƙasar Hausa aure ba ya ba mace sarauta. Idan muka ce Sarauniya Amina ta Zazzau, ko Daurama ta Daura, muna nufin matan da labari ya nuna sun riƙe mulki da kansu. A tsohon tsarin Zazzau kuwa, wanda ya ƙaura zuwa Abuja ta da, wato Suleja ta yau, Sarauniya sarauta ce ta 'yar sarki. A Gobir ma Inna daga cikin 'ya'yan gidan sarauta ake naɗa ta. Sai a Barno ne muke samun uwargidan Mai da laƙabi sananne, wato Gumsu, duk da haka Magira, uwar Mai, ita ce tarihi ya fi ambata.

A Kano mace mafi girma a idon fada ita ce mahaifiyar sarki, Mai Babban Ɗaki. Saboda haka in muka ari ma'anar Turawa muka ɗora wa kalmarmu, za mu sa ɗalibi ya tafi neman iko a ɗakin uwargida, alhali yana can ɗakin uwa.

Batu na biyu: Yaya wadda ke kulle za ta yi iko?

Wani ɗalibi ya kawo hujja mai ƙarfi. Ya ce littafin Tarihin Kano da kansa ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kulle, shi ne kuma sarkin da aka fara ƙidaya wa mata dubu. To, in ji shi, macen da ba ta fita zaure, ba ta zama majalisa, ba ta hawa doki, ina za ta sami ta cewa a sha'anin mulki?

Amsar tana cikin littafin nan da ya kafa hujja da shi. Sarkin da ya gaji Rumfa shi ne ɗansa Abdullahi, daga 1499 zuwa 1509, sunan mahaifiyarsa Auwa, wadda aka sani da Madaki Auwa, wasu kuma suna karanta sunan Maiɗaki Hauwa. Littafin ya ba da labari cewa sa'ad da Abdullahi ya fita yaƙi, Dagaci, wani ɗan sarautar Barno da zuriyarsa suka daɗe a Kano, ya shirya tawaye, kuma babu wanda ya tare fitinar sai ita. A zamanin jikanta Muhammadu Kisoke, daga 1509 zuwa 1565, an sake ambatonta cikin masu faɗa a ji, tare da ɗan'uwanta Guli, da Iya Lamis mahaifiyar sarkin. Ga mace ta fito daga gidan da aka fara kulle, amma ta riƙe gari a bayan sarki, ta kuma ga mulkin miji da ɗa da jika.

Yaya haka ta yiwu? Dalili shi ne gidan sarki a wancan zamani shi ne ma'aikatar mulki. Cikin gida akwai rumbuna, akwai madafa mai ciyar da ɗaruruwan mutane kullum, akwai kuyangi da babanni da jakadu mata masu shiga da fita da saƙo. Heidi Nast, wadda ta yi bincike a Gidan Rumfa ta kuma buga littafinta a 2005, ta nuna cewa saɗaku suna da nasu muƙamai, irin su Uwar Soro, kuma suna da hannu a tattara hatsin da ke shigowa fada da ajiye shi da raba shi, har da aikin rini da baba a cikin gida. Ku ma'aikata da ke nan kun fi kowa sanin wannan: wanda ke riƙe da mabuɗin sito da hanyar da takarda ke bi zuwa ga shugaba, ko ba ya zama a taron majalisa, ba a raina shi. Kulle ya hana matan nan fita, amma labari da hatsi da saƙo suna bi ta hannunsu.

A nan ne wani malami ya ƙara da cewa ai ƙarfin Auwa ba abin mamaki ba ne, tun da 'yar Askiya Muhammadu ce, Sarkin Sanwai. Wannan magana ta yaɗu, kuma tana da tushe, domin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya faɗa a littafinsa da aka buga a 1550 cewa Askiya ya tilasta wa wani Sarkin Kano auren 'yarsa. Amma mu auna shekarun. Askiya ya hau mulki a 1493. Abdullahi ɗan Auwa ya zama sarki a 1499, yana babban mutum mai jagorancin yaƙi da Katsina da Zazzau. Ashe ke nan an yi auren Auwa da Rumfa shekaru masu yawa kafin Askiya ya zama sarkin da zai tilasta wa wani aure. Ga kuma ɗan'uwanta Guli zaune a Kano cikin manyan gari. A ganina ba mu bukatar nemo mata uba a Gawo kafin mu yarda da ƙarfinta. Ina jiran amsar malamin, domin muhawarar ba ta rufe ba.

Batu na uku: Shin ambaton saɗaka cin mutunci ne?

Wannan ita ce wasiƙa mafi zafi, daga wani dattijo. Ya ce bai kamata a tsaya gaban jama'a a ce uwar sarki kaza saɗaka ce ba, domin tonon asiri ne. Ranka ya daɗe, na fahimci kishin da ya sa ka faɗi haka, amma ina roƙo mu dubi al'amarin da ma'aunin mutanen wancan zamani. A fiƙihun Malikiyya, baiwar da ta haifa wa ubangijinta ɗa ta zama ummul waladi: ba a sayar da ita, tana samun 'yanci da rasuwarsa, ɗanta kuma ɗa ne cikakke, yana gado daidai da ɗan matar aure. Saboda haka babu wani gibi a sarautar ɗan saɗaka. Mafi yawan halifofin Abbasiyawa ma haka aka haife su. Haruna Rashid ɗan Khaizuran ne, wadda ta shigo gidan Halifa Mahdi tana baiwa kafin ya 'yanta ta ya aure ta. A cikin 'ya'yan Haruna kuma, Ma'amun ɗan baiwa shi ya rinjayi Amin ɗan Zubaida, 'yar gidan halifanci, a shekarar 813.

A Kano babban misali shi ne Shekara, ta gidan Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846. Ruwayoyin fada sun nuna saɗaka ce. Ta haifi sarakuna uku a jere: Usman daga 1846 zuwa 1855, Abdullahi Maje Karofi daga 1855 zuwa 1882, da Muhammadu Bello daga 1882 zuwa 1893. Shekara 47 ke nan Kano tana hannun 'ya'yan mace guda. Har ila yau, duk wanda ya hau gadon Dabo tun daga 1846 jininta ne. Wanda ya share sunanta don kunya ya share uwar gidan baki ɗaya.

Mu kwatanta ta da wata matar Dabo, Maryam 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ita ta shigo da asali da ilimi. Bayan rasuwar mijinta ta koma Sakkwato, da yayarta Nana Asma'u ta rasu a 1864 kuma ita ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, wato tsarin karantar da matan karkara. Akwai wasiƙarta zuwa ga Sarkin Kano a kan masu ɗaura kaya suna ƙaura zuwa gabas don tarar Mahadi, inda ta nuna lokacin bai yi ba. Haka kuma a Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, da Yusufu ya rasu ana tsakiyar yaƙi, Yusufawa suka zaɓi Aliyu Babba, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, ana fatan dangantakar za ta sassauta zuciyar Sakkwato. Kun ga hanyoyin sun bambanta, amma kowace daga cikin matan nan ta taɓa makomar sarauta.

Sai dai wata malama ta ja kunnena ta ɗaya gefen, ta ce kada daɗin labarin Shekara ya mantar da mu yadda saɗaku ke shigowa. Maganarta dutse ce. Tarihin Kano bai ɓoye ba cewa a zamanin Rumfa an riƙa kamo 'yan mata ana kawowa fada, daga baya ma yawancinsu ta yaƙi da hari da kyauta suka shigo, an raba su da iyaye da harshe da gari. A bayan kowace Shekara akwai ɗaruruwa da ba su haifi sarki ba, suka tsufa suna daka da dafuwa, ba wanda ya rubuta sunansu. Dokar 1901 ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa bayan ranar 1 ga Afrilu na shekarar, sa'an nan dokar 1936 ta soke bauta a Nijeriya ta Arewa. Masanin tarihi na gari dole ya riƙe gaskiyar nan biyu tare, ikon kaɗan daga cikinsu da wahalar masu yawa.

Batu na huɗu: Za a iya dogara da Tarihin Kano?

Wani ɗalibin tarihi ya tambaya, yaya za mu gaskata labarin ƙarni na 15 daga littafin da bai kai wannan tsufa ba? Tambaya ce mai kyau. Littafin da Larabci yake, H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, fassarar Hausa kuma ta fito a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Masana irin su Murray Last da M. G. Smith da John Hunwick sun yi muhawara a kan yadda aka harhaɗa shi, amma labarinsa ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello, wasu kuma suna danganta rubutunsa ga Ɗan Rimi Barka, babban bawan sarki. Don haka shekarun sarakunan farko ƙiyasi ne, lissafin mata dubu kuma salon kambamawa ne.

Amma ku lura da abu guda. Marubucin yakan buɗe labarin sarki da sunan mahaifiyarsa, ba ya kuwa damuwa da jera sunayen matansa. A gidan da ke da 'ya'ya maza barkatai daga uba ɗaya, ɗaki shi ne ke bambanta ɗan sarki da ɗan sarki, kuma 'yan ɗaki ɗaya su ne ƙungiyar siyasa ta farko. Abin da ya sa maroƙa da masu kirari suka adana sunayen iyaye mata ke nan, har suka iso ga mai alƙalami. Wannan tsari na littafin shaida ne da kansa, ko da an yi jayayya a kan shekaru.

Kammalawa

Jama'a, abin da ya rage shi ne aiki. Rubutattun littattafai sun ba mu sunaye ƙalilan, sauran labarin yana bakin tsofaffin jakadu da zabiyoyi da gwaggwanni a gidajen sarautar Kano da Katsina da Zazzau da Daura da Damagaram, kuma kullum suna ƙarewa. Namiji ba ya shiga inda suke, saboda haka wannan nauyi ya fi hawa kan ɗalibanmu mata. Ku nemi izini, ku shiga da ladabi, ku tambayi wa ta haifi wa, wa ke riƙe da rumbu, wa ke kai saƙo, ku rubuta da sunan mai ba da labari da ranar da ta bayar. Ku kuma ma'aikata, musamman na hukumomin tarihi da al'adu da na ƙananan hukumomi, ku taimaka da wurin ajiya da kuɗin tafiya, kada abin da aka tattara ya ƙare a bakin gara.

Ƙofar gyara a buɗe take, wanda ke da hujjar da ta fi tawa ya kawo, mu ƙaru gaba ɗaya.