Allon Katako Mai Jure Wuta: Abin da Garwa Ke da Shi a Hannu



Yawancin katakon da kafintan Garwa ke sarrafawa daga dazuzzukan kudancin Kamaru yake fitowa. Jirgin ƙasa ya sauke shi a Ngaundare, inda layin dogo ya tsaya, manyan motoci su ƙaraso da shi Garwa, bakin kogin Binuwai, kuɗin hanya duk a kan mai saye. A watan Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40, silin da rumfa sun bushe ƙamas, tartsatsin wayar lantarki ɗaya ya isa. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta nuna abin da wuta ke yi wa jerin shaguna cikin dare guda.

Alhali arewa na da nata itatuwan. Tun shekarun 1970, zamanin Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, shirin Sahel Vert ya yi ta dasa bishiyoyi, aka kuma farfaɗo da shi a 2008. Darbejiya da itacen turare sun kama ƙasar. Sai dai gangar jikinsu siririya ce, wata a karkace, ba ta ba da falanki mai faɗi, don haka ƙarshensu murhu ko buhun gawayi.

Shi kuwa allon haɗi ba ruwansa da kauri ko miƙewar itace. Ana daddatsa itacen ƙanana, a jiƙa a ruwa domin sukarin da ke cikinsa ya fita, saboda sukarin nan ne ke hana siminti kamawa. Sai a cuɗa da siminti, a zuba a mazubi, a danne da injin matsa har ya daskare. Kowane ɗan guntu ya sami rigar siminti, iska ba ta kai gare shi. Idan harshen wuta ya taɓa allon, fuskarsa ta yi baƙi, amma ba ya ɗaukar wutar ya miƙa wa maƙwabci. Gara ma ba ta samun ƙofa. Simintin yana nan Figil, a masana'antar Cimencam.

Akwai kuma hanya marar nauyi: a haɗa guntayen da gam, a sa gishirin boron da ke rage saurin kamun wuta. Afirka ta Kudu ta daɗe tana yin irin wannan gam daga ɓawon wata 'yar'uwar bagaruwa, da sinadarin nan da majema ke jima da shi. Karan auduga ma yana shiga. SODECOTON, mai hedikwata a Garwa tun 1974, tana sayen audugar, karan kuwa akasari ƙona shi ake yi a gona, ga shi cibiyar CIRCOT ta Indiya ta riga ta mai da shi allo.

Sai dai allon siminti yana da nauyi, yana kuma dakushe zarto. Itacen turare yana tohowa bayan sara, amma yana shan ruwa ƙwarai, bai dace da kusa da rijiya ko gonar hatsi ba. Kuma wuta mai tsanani za ta ci ƙarfin kowane allo. Abin da yake bayarwa shi ne lokacin fitar da mutane da kaya.

Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, da cibiyar binciken noma ta IRAD su ne ya kamata su fara: su gwada darbejiya, turare da karan auduga ɗaya bayan ɗaya, su auna mintin da kowane allo zai yi a gaban wuta, sannan su kira kafintoci su ga sakamakon da idonsu.